Takwarar Inna

Har yau idan wani ya ce mini, "Barira, ke kam kin more, kin yi wasa a ƙungiyar da ba a cin ta," sai in yi murmushin yaƙe kawai. Na more ɗin, ba zan yi wa Allah butulci ba. Amma saura ƙiris mutanen nan su koro ni gida hannu rabbana, ba digiri ba dalili, a kan abin da tambaya ɗaya tak za ta warware. Wata da watanni ba a sami mai yi mini tambayar ba. Shi ya sa ko yanzu da nake rubutun nan raina bai gama hucewa ba.

Ni 'yar wani ƙauye ce a gefen Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona, in ka yi atishawa a taka sai maƙwabci ya ce maka yarhamukallah daga tasa. Tsawo na gada wajen kakana, tsawon da ya sa tun ina ƙarama ni ake kira in an jefa takalmin wani kan rufin soro. A makarantar kwana malamar wasanni ta gan ni ina tsinko mangwaro ba sanda, ta damƙa mini ƙwallon kwando, ta ce kada in sake in ajiye. Da maganar Amurka ta taso, Baba, wanda ke kai wake kasuwar Dawanau, ya kafa sharaɗi biyu: ba zan yi wasa ba sai da suturata, kuma ba zan dawo ba sai da ilimi. Ni ma ilimin nake so. Gonarmu ta rani a bakin dam ɗin Watari kanwa tana cinye ta kaɗan-kaɗan, ƙasar tana yin fari, shinkafar tana tsumburewa, kuma ban taɓa samun wanda ya gaya mini dalili ba.

Zangona na farko a hannun wani ɗan ƙasarmu na yi shi, mutumin da ya matsa sai mun riƙa ce masa Kawu. Shi ya zo har zaurenmu ya nuna wa Baba hoton makaranta mai korayen ciyayi da dogon gini mai agogo. Da na sauka, makarantar ta zama wani gida a bayan shagon masu faci, katifu a ƙasa, mu 'yan mata dogaye daga Mali da Senegal da Najeriya a cunkushe. Karatun kuwa wata kwamfuta ce guda ɗaya da ba wanda ya damu ko an kunna ta. Duk ƙarshen mako sai ya loda mu a mota ya kai mu gasa, masu neman 'yan wasa su zagaye mu, wannan ya ce ɗaga hannu, wancan ya ce yi tsalle, kamar ragunan layya a kasuwa.

Ranar da na gane ko wane ne Kawu, ina tsaye a bayansa ne yana tallata ni ga wani Bature. Ya ƙanƙance murya ya ce ai ni marainiya ce, a bukka ya tsinto ni, ban taɓa sa takalmi ba sai a hannunsa. Ubana yana raye yana auna wake, mutumin nan ya sha furarsa a zaurenmu, amma ya kashe shi da baki don a ji tausayi! Turancina bai nuna ba a lokacin, amma ya isa in ce, "Ƙarya yake yi." Daga ranar ya daina fita da ni. Wata alƙaliyar wasa da ta ji abin da na faɗa ita ta bi sawuna, ta haɗa ni da wata ƙaramar kwaleji a can cikin ƙasar masara. Ban san da me zan saka mata ba, addu'a dai ban fasa ba.

A zango na biyu na san kewa. Gona ce iya ganinka, masara har ido ya gaji, amma ba mutum ko ɗaya a ciki. Ba mai fartanya, ba mai kai abinci, ba wanda za ka ce wa sannu da aiki ya ce yawwa. Inji ne kawai zai wuce ya dawo. Nakan tsaya a bakin titi in yi ta kallo har sanyi ya kora ni ɗaki. Akwai wata tsohuwa a ɗakin cin abinci da ta lura ina azumi, ba ta ce mini komai ba, sai dai kullum in tarar da kwano a rufe a bayan kantar abinci, da ɗan zafinsa, bayan an kulle wurin. Shekara biyu na yi a nan, Turancina ya miƙe, wasana ya yi ƙarfi, har babbar jami'a ta aiko a ɗauko ni.

Ƙungiyar da na tarar a zango na uku ba sa'ar kowa ba ce. Yawancin wasanninmu kafin a tafi hutun rabin lokaci an gama, sauran sai cika ƙa'ida. Mai horar da mu wata dattijuwa ce mai furfura da ba ta ɗaga murya, ni a raina Tsohuwa nake ce mata. Ranar farko ta zaunar da ni ta gaya mini gaskiya: gurbin karatuna na shekara ɗaya ne, in ta ga amfanina ta sabunta, in ba ta gani ba in nemi wani wuri. Ga shi na fara karatun ƙasa da ruwa da na ƙetare teku dominsa, kuma shekara biyu yake buƙata. In aka sallame ni, izinin zamana ya tafi tare da gurbin. Na ce mata na ji.

Mutane suna zaton irin wannan ƙungiya tana cin wasa mai zafi ne don ta fi kowa gwanaye. Gwanaye kam akwai, amma gwaninta ta wasan da aka yi wa abokin hamayya fintinkau ce. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar da aka haɗu da sa'a, maki ya zo kunnen doki, ƙafa ta yi nauyi, wani abu daban ne yake fitar da mutum. Tsohuwa takan ce, "Minti biyun ƙarshe da baki ake cin su." Kullum a ƙarshen atisaye, bayan mun gaji tilis, sai a kunna lasifika da ihun 'yan kallo har kunne ya yi zugi, a shigo da samari 'yan makaranta masu ƙarfi su zama abokan hamayya, a rubuta a allo cewa ana cin mu da kwando biyu, saura minti biyu. In ba mu ci ba a sake. Wata rana har a rufe ɗakin cin abinci muna sakewa.

Aikina a cikin minti biyun nan shi ne in zama idon kowa. Ni ce doguwa, ni ke tsaye a ƙarƙashin kwandonmu, fili duka yana gabana. Sauran huɗun kowacce ta zuba wa wadda take tsaro ido, ba ta ganin bayanta. Dabarar abokan hamayya kuwa ita ce su turo ƙatuwarsu ta lallaɓo ta tsaya a bayan mai tsaronmu kamar katanga, tana juyowa da gudu ta yi karo da ita, wadda take tsaro ta kuɓuce ta jefa ƙwallo ba mai hana ta. Maganin abin ɗaya ne: ni da na hango katangar in ƙwala kira, in ambaci sunan wadda za a tare, sannan in ce hagu ko dama. Dole sai da suna. In na ce hagu kawai a cikin wannan hayaniya, su huɗun za su waiga a tare, shi ke nan an wuce su.

Murya kuwa ina da ita. Ni da na taso ina korar jan-baki a gonar shinkafa, in na yi kururuwa a wannan kunya sai tsuntsun wancan gefen dam ɗin ya tashi. Sunaye uku na 'yan wasanmu ina kiran su har ginin ya amsa. Na huɗun ne ya gagare ni, kuma ita ce kaftin, ita ke tsaron gwanar kowace ƙungiya, ita aka fi kafa wa katanga.

Baƙar fata ce 'yar can, gajeriya, mai zafin nama, kirista ce ma, amma kakarta ta raɗa mata sunan da ta ji ya yi mata daɗi. Sunan uwargidan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta riga kowa ba da gaskiya. Kun dai gane. Ba zan rubuta shi ba, don sunan Innata ne. Gajeren da 'yan ƙungiya suke kiranta da shi kuma shi ne daidai wanda ƙawayen Inna ke kiranta da shi a bakin rijiya. Tunda na yi wayo bakina bai taɓa kama sunan nan ba. A makaranta in yarinya tana da shi, Mai Sunan Inna nake ce mata, kuma ba wadda ta taɓa tambayata dalili. Ita ma Inna, da yake ni ce 'yar farinta, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko ranar da na faɗo daga kan mangwaro "ke 'yar nan" ta ce tana kuka. To yanzu a ce in buɗe maƙogwaron korar tsuntsu in ƙwala sunan uwata gatsau a gaban dubban mutane, kamar ina kiran wadda ta ci mini bashi?

Na nemi hanya. Na fara ce mata "Kaftin!" Kunnenta bai saba ba, shekara uku da suna ɗaya ake kiranta a fili, ba ta waiga. Mataimakin Tsohuwa, wani matashi mai tsayayyen gashi da usur a baki kullum, wanda na sa wa Mai Usur, shi ke kula da tsaron gida. Ina cewa Kaftin sai ya busa.

"Suna, Barira! Suna! Kowa kan layi!"

Kan layi na nufin ƙungiya duka za ta yi ta gudu daga wannan bango zuwa wancan saboda laifin mutum ɗaya. Ranar farko suka yi dariya. Da abin ya yi mako, dariya ta ƙare. Na fara zama ni kaɗai a teburin cin abinci. Takwarar Inna kuwa ta ɗauka raina ta na yi, tunda kowa ina kiran sunanta ban da ita. Ta daina amsa gaisuwata.

Kada wani ya ce ban yi bayani ba. Na sami Mai Usur a ofishinsa, na rusuna, na gaya masa sunan mahaifiyata ne, kuma a wurinmu ba a faɗa. Ya dube ni, ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Suna ne kawai fa. Mamarki tana wata nahiya, ba za ta ji ba. Nan ba a kawo mana camfi cikin fili."

Camfi! Mutumin da ba ya taka layin fili in zai shiga, sai ya tsallake kamar mai gudun kashin kaji. Ƙungiyar da mai jefa mana ƙwallo daga nesa ba ta wanke safarta muddin ana ci, har sai da aka ware mata kusurwa a ɗakin sa kaya. Ita kanta Tsohuwa jaket ɗaya take sawa duk wasan waje, gwiwar hannun ta ƙoƙe. Duk wannan sunansa al'adar ƙungiya, ana ma nuna shi a talabijin ana murmushi. Ni da nake girmama wadda ta haife ni, nawa ne camfi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na tashi na fita, kuma na rantse ba zan sake buɗe cikina ga wanda zai yi mini dariya ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Maimakon ya kai maganata gaba, sai ya rubuta cewa ina da matsalar fahimta. Aka tura ni wajen likitan kunne, ya sa mini wani abu a kai yana kunna ƙara ina ɗaga hannu. Aka tura ni ajin koyon furuci, wata baiwar Allah tana buɗe baki tana nuna mini yadda ake ajiye harshe a faɗi sunan, gaɓa-gaɓa. Sunan da a garinmu kowane layi akwai mai shi, shi ake koya mini! Na zauna ina kallonta, hawaye yana zubo mini don takaici, ita kuma ta ɗauka wahalar kalmar ce ta sa ni kuka.

A tsakiyar hunturu muka je wasan waje wurin ƙungiyar da ta fi kowa kusa da mu. Ɗakin ya cika maƙil, ihu kamar rufin zai faɗo. Doguwarmu ta farko ta cika laifuffukanta aka fitar da ita, Tsohuwa ta waiga benci ta ce in shiga. Muna gaba da maki ɗaya, lokaci ya kusa ƙarewa. Na hango ƙatuwarsu ta taho ta dama, ta dasa ƙafa a bayan takwarar Inna. Na buɗe baki da niyyar ko me zai faru ya faru. Wallahi na yi niyya. Sunan ya zo har kan harshena ya tsaya cak. Na ce "Kaftin! Dama!" da duk ƙarfina, ba ta ji ba. Ta juyo a guje, fuskarta ta haɗu da kafaɗar yarinyar nan, na ji ƙarar daga inda nake. Ta zube, jini ya wanke mata riga, gwanarsu ta jefa ƙwallo ta shiga. Aka ci mu, karo na farko a kakar wasan.

A mota ba wanda ya zauna kusa da ni. Washegari Tsohuwa ta kira ni, ba faɗa ba zagi, ta ce, "Ina da dogaye da yawa da ke son gurbin nan. Doguwar da ba ta magana ba ta da amfani a wurina. Kina da zuwa ƙarshen kaka." Na jira ta ce me ya sa. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Ta mai da kanta kan takardunta.

Karan hancin takwarar Inna ya karye, aka yi mata aiki. Ko tana fushi da ni ko ba ta yi, a gidanmu ba a koya mini in ji mutum yana kwance in ƙi zuwa dubiya ba. Na sami kaza a shagon wasu Larabawa, na yi farfesu da citta da kanumfari da na taho da su daga gida, na ɗauka a kula na tafi ɗakinta. Wata tsohuwa ce ta buɗe mini, ƙaramar mace da farin gashi da tabarau, kakarta ce da ta taho daga kudancin ƙasar don jinya. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta ja da baya tana kallona, dogon mutum ya naɗe a bakin ƙofa.

"Tashi, 'yata, tashi. Ke ce wadda ba ta kiran jikata?"

Na ce ni ce.

Ta karɓi kular, ta buɗe, ta shaƙa, ta rufe. Takwarar Inna tana kan gado, fuska a kumbure, ta juya mini ƙeya. Kakar ta zauna ta nuna mini kujera.

"Mutumin da ya tsani mutum ba ya dafa masa wannan. Gaya mini, me ya hana ki kiran sunanta?"

Tambayar ke nan. Wata nawa ina jiran ta, sai ga ta daga bakin wadda ba ta san ko dokar wasan ba. Na gaya mata. Na gaya mata har da yadda Inna ba ta faɗin nawa. Ina magana ina jiran dariya, ba ta zo ba. Ta cire tabarau ta goge.

"Uwata ta yi shekara tamanin da wani abu a duniya," in ji ta, "ban taɓa kiran ta da sunanta ba. Ranar da aka ce in faɗa wa mai sassaƙa dutsen kabarinta, sai da na rubuta masa a takarda." Ta juya wajen gado. "Ke kuma kin ji. Yarinya tana ba ki girman uwa, kina nan kina kumbura."

Takwarar Inna ta juyo a hankali. Muryarta ta toshe saboda auduga.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa wa Mai Usur. Ya ce camfi ne."

Ta yi wata kalma da ba zan maimaita ba, kakarta ta daka mata tsawa. Sannan ta ce, "To a garinku, in mutum yana da sunan mamarki, me kike ce masa?"

"Abin da nake ce mata. Inna."

"In-na." Ta gwada shi, ta fara dariya, hancin ya hana ta, ta dafe shi tana wayyo. "Ni ce uwar wannan falwayar? To. Ki kira ni haka, in ga ko zan ji."

Da ta dawo fili da wata roba a fuska mai kare hanci, ranar farko da aka kunna lasifika na hango katanga na ce, "Inna! Hagu!" Ta sulale ta gefe kamar da ido a ƙeyarta. Mai Usur ya busa zai ce kowa kan layi, ta ɗaga masa hannu, ta taka har gaban Tsohuwa ta yi mata bayani a gaban kowa. Tsohuwa ta dubi Mai Usur, ya dubi takalminsa. Ta ce, "Ko tukunya za ta ce mata, in dai za ta waiga, ina ruwana? A ci gaba." Shi ke nan fa. Abin da aka kai ni wajen likita a kansa, aka sa 'yan mata gudu har suna amai, aka fasa wa yarinya hanci, numfashi ɗaya ya ishe shi. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Kuma Tsohuwa ba ta janye maganarta ba, ta ce atisaye daban, wasa daban, sai ta gani da idonta.

Ta gani a gasar ƙarshen kaka, kuma Allah ya sake haɗa mu da mutanen da suka ci mu. Wasan ya tafi yadda irinsa ke tafiya, mu ci su rama, su ci mu rama. Wannan karon Tsohuwa ba ta jira an fitar da kowa ba, da minti biyun ƙarshe suka zo ta dube ni ta ce, "Je ki yi magana." Na san ba wasan kaɗai ke hannuna ba, har da karatuna, da alkawarin da na yi wa Baba a zaure.

Abin mamaki, ban ji tsoro ba. Mun yi minti biyun nan sau ba adadi da yunwa da gajiya, ihun ɗakin bai fi na lasifikarmu ba. Ba wadda ta yi gaggawa, ba wadda ta nemi zama jaruma. Muka ci kwando, muka hau gaba da maki ɗaya, ƙwallo ta koma hannunsu, dama ta ƙarshe. Wanda ya ci da dabara ba ya sake ta: ga ƙatuwar nan ta taho ta dama, daidai inda ta tsaya wancan karon.

"Inna! Dama!"

Ta zame ta wuce. Ƙatuwar ta juya ta sake dasa ƙafa ta ɗaya gefen.

"Inna! Hagu!"

Ta sake zamewa, tana manne da gwanarsu kamar ƙaya a zani. Yarinyar ta rasa wurin jifa daga nesa, lokaci yana cin ta, ta sunkuyar da kai ta kutso wajen kwando, wajena.

"Inna! Bar mini ita!"

Ta sake ta. Na miƙa hannun tsinkar mangwaro na doke ƙwallon tun ba ta bar yatsunta sosai ba, ta yi can cikin 'yan kallo, ƙararrawa ta buga. Takwarar Inna ta yi tsalle ta ɗafe wuyana, robar hancinta tana bugun haɓata, tana ihu, "'Yata! 'Yata!"

To ku ji ƙarshen rashin kunya. Akwai makirufo a jikin kwando, duk ƙasar ta ji kiran. 'Yan jarida suka tambayi Mai Usur mene ne Inna. Mutumin nan ya gyara tsayuwa, ya yi murmushi, ya ce wata kalmar sirri ce da suka ƙirƙiro a sashen tsaron gida don rikita abokan hamayya. Suka ƙirƙiro! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na yunƙura zan yi magana, takwarar Inna ta riƙe mini riga ta ce in bar shi, kowa a ƙungiya ya san gaskiya. Na bar shi, amma ban yafe ba sai da na yi shekara. A baranda Tsohuwa ta wuce ni da tsohuwar jaket ɗinta, ba ta ko tsaya ba, ta ce, "Ki huta sosai. Baɗi da ke za a fara wasa." Sai da ta sha kwana na gane an sabunta mini gurbina. Na jingina da bango na yi hamdala.

Bayan kwana biyu na kira gida. Ashe wani abokin cinikin Baba a Dawanau ya tura masa guntun wasan a waya, ya kai gida, an kalla a tsakar gida har batir ya mutu. Baba ya yi ta sa albarka, ya tambayi karatu, na ce saura shekara ɗaya in Allah ya yarda, kuma na fara gane abin da ke damun gonar Watari. Sannan ya ce ga Inna nan, tun jiya ta hana shi sakat.

"Ke 'yar nan," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Lafiyarki kuwa? Wani abu ne ya same ki a wurin?"

"Lafiya lau, Inna. Mu muka ci."

"To me ya sa kike ta ƙwala mini kira a tsakiyar mutane? Har sau uku. Ina ta amsawa, ke ba kya ji. Babanku yana mini dariya, wai ba da ni kike ba."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin kaftin da katanga da hagu da dama. Sai na tuna Kawu, da likitan kunne, da teburin da na ci abinci ni kaɗai, da duk abin da ban taɓa gaya mata ba don kada ta kwana da shi.

Na ce, "Da ke nake, Inna."

Ina jin kaji a bayanta, da wata maƙwabciya tana daka.

"Ai na gaya masa," ta ce. "To, na'am."